Kun Tambaya, Mun Amsa: Wa Ke Riƙe Da Makullin Lambun Unguwa?

Wasiƙun wannan watan sun fi yawa a kan lambunan shaƙatawa da filayen da aka ware wa jama'a a cikin gari. Waɗanda suka amsa su ne mai tsara birane, da lauya, da tsohon ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Mun gajarta wasiƙun, mun kuma cire sunayen wurare da ofisoshin da ake kuka da su.

Assalamu alaikum. A unguwarmu akwai fili mai bishiyoyi da aka ware tun lokacin da aka yanka filaye, aka ce lambun shaƙatawa ne. Yanzu katanga ta zube, an mai da shi bola. Mun je sakatariyar ƙaramar hukuma an ce na jiha ne, mun je ma'aikata an ce mu koma ƙaramar hukuma. Alhakin wa ne? Daga wani magidanci, Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya faɗa muku rabin gaskiya ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, sakin layi na 1(f), ya sa ginawa da kula da tituna, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen jama'a cikin manyan ayyukan ƙaramar hukuma. Kwashe shara da banɗakunan jama'a ma nata ne, a 1(h). To a kan bolar nan dai ba ta da wurin ɓuya.

Amma aikin kula daban, mallakar ƙasa daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ce duk yankin da ya ayyana a matsayin birni shi ke da ikon gudanar da ƙasarsa. Ƙaramar hukuma tana da ta cewa ne a ƙasar da ba ta birni ba. Shi ya sa a cikin birnin Kano za ka ga taswirar unguwa da izinin gini suna hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, a Kaduna suna hannun takwararta, KASUPDA, ciyaman kuwa ba shi da ikon ba wa kowa takardar mallakar ko taku ɗaya a wurin. Sannan sashe na 7 na kundin ya bar wa majalisar dokokin jiha tsara yadda ƙananan hukumomi za su yi aiki, jihohi kuma sun yi ta kafa hukumominsu suna janye aikin. Legas ta yi dokar kafa hukumar lambuna, LASPARK, a 2011. Gidan Zoo na Audu Bako a Kano, da lambun Gamji a Kaduna, da Sanda Kyarimi a Maiduguri, duk na jiha ne. A Abuja ƙasa gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce, don haka lambunan cikin birni, har da Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, suna ƙarƙashin hukumar birnin tarayya, ba majalisar ƙaramar hukumar birnin Abuja (AMAC) ba.

Ku daina zuwa da baki. Ku rubuta wasiƙa ɗaya, ku yi kwafi uku: ɗaya ga ciyaman ta hannun sakataren ƙaramar hukuma, ɗaya ga hukumar tsara birane, ɗaya ga ma'aikatar muhalli. Tambayoyi uku sun isa: me taswirar unguwa ta ce filin yake, sunan wa ke kan fayil ɗinsa, wace hukuma ce ke da kasafin kula da shi. Ku rubuta a saman wasiƙar cewa kuna nema ne bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Dokar ta ba su kwana 7 su amsa, za su iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, kuma ba dole ba ne ku faɗi dalilin tambayarku. Abin da ya fi amfani a gare ku shi ne, idan ofishi ya ga maganar ta fi shafar wani ofishin, dokar ta tanadi ya miƙa takardar can ya sanar da ku a rubuce. Idan sun yi shiru, kuna da kwana 30 ku je kotu. A da jihohi kan ce dokar ta tarayya ce, ba ruwansu. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma.

Kada ku bar ofishi sai magatakarda ya buga wa kwafinku hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannu. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimin, gobe za a ce ba a gan ta ba.

Lambun da muke kai yara ran Asabar kyauta ake shiga, sai kwatsam wasu samari suka kafa benci a bakin ƙofa suna karɓar kuɗi, har da na jariri. Sun ce ƙaramar hukuma ce ta sa su. Ya halatta? Daga wata uwa, Kaduna.

Hajiya, hukuma tana iya sa kuɗin shiga, babu dokar da ta ce dole lambun gwamnati ya zama kyauta. Sai dai kuɗin ba ya halatta da maganar baki. Dole ya samo tushe daga dokar jiha ko dokar da majalisar kansiloli ta zartar, ciyaman ya sa hannu (a wasu jihohin sai gwamnatin jiha ta amince an buga ta a jaridar gwamnati), da jadawalin da ya faɗi nawa babba zai biya, nawa yaro, wa aka yafe wa. Idan ɗan kwangila aka ba wa karɓar kuɗin, yana da takardar naɗi mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa.

Ki duba abin da suke miƙo miki. Rasit na gaske bugagge ne, da sunan ƙaramar hukumar a sama, da lambar jeri wadda ba a maimaita ta, da nau'in kuɗin da aka karɓa, da adadin da aka buga tun daga maɗaba'a ko aka rubuta da kwafin kabon a ƙasa, da kwanan wata. Idan kika sayi tikiti uku kika ga lambarsu ɗaya, ko hoton kwafi ne aka yanka da almakashi, ko mai ƙofa ya karɓe tikitin bai yaga shi ba ya mayar aljihu, kuɗin nan ba baitulmali za su ba. Tikitin da ba a yaga ba sau goma ake sayar da shi. Ki adana wanda kika samu, ki kai wa ma'aji ko shugaban sashen tara kuɗin shiga a sakatariya, ki ce a duba miki ko daga littafinsu ya fito. Kada ki tsaya cacar baki da samarin a ƙofa da yara a hannunki.

A ganinmu, ƙaramin kuɗi da ake ganin amfaninsa a banɗaki mai ruwa da maigadi ya fi kyautar da ke ƙarewa a kango. Karɓar kuɗin jaririn da ke goye kuwa, ko da doka ta yi shiru a kai, rashin ta ido ne.

An fara sauke bulo da yashi a gefen filin shaƙatawar rukunin gidajenmu. Wai shaguna goma za a yi don a samu kuɗin gyara sauran filin. Mu bari ko mu hana? Daga sakataren wata ƙungiyar mazauna unguwa, Zariya.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a watan nan, domin yawancin filayen jama'a ba kulle su ake yi ba, gutsurarsu ake yi. Yadda abin ke tafiya sananne ne. Da fari a bar wurin ya lalace, shara ta taru, 'yan shaye-shaye su mai da shi matattara, har maƙwabta da kansu su fara cewa gara a yi wani abu da shi. Sai a ba da izinin wucin gadi na tireda ko kwantena. Bayan shekara a zuba wa kwantenar daɓen siminti, a ɗora mata bulo, a ja mata wuta. Shaguna goma na gefen titi su toshe fuskar filin, abin da ya rage a baya ya zama lungu ba mai gani, sai a ce ai ba shi da amfani, a yanka shi fuloti.

Ga abin da za ku yi, kuma cikin makon nan, ba bayan salla ba.

Ku nemi kwafin taswirar rukunin da aka amince da ita, mai lamba da hatimi, daga hukumar tsara birane ko ofishin safiyo-janar. Filin shaƙatawa galibi kore ake shafa masa a taswira. Ku fita da taswirar ku nemo duwatsun awo, wato 'yan guntayen ginshiƙan simintin nan masu lamba a ka da safiyo ke binnewa a kusurwoyi. Ku share ƙasar da ta rufe su, ku ɗauki hoton kowane da lambarsa a fili, da hoton bulon da aka sauke, da kwanan wata. Masu cin fili dutsen awo suke fara tumɓukewa.

Sannan ku tambayi mai ginin takardu biyu. Ta farko izinin gini. Ta biyu, wadda ita ce gaɓar, amincewar sauya amfanin fili daga wurin shaƙatawa zuwa kasuwanci. Takardar da sashen kasuwanni na ƙaramar hukuma ya bayar ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Ƙaramar hukuma tana da ikon tsara shaguna da tiredodi da karɓar kuɗinsu, amma ba ta da ikon mai da koren fili na cikin birni kasuwa. Ikon tsara gari na jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003 a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya a kan dokar tsara birane ta 1992. Idan babu takardun nan, ku rubuta wa sashen sa ido kan gine-gine na hukumar tsara birane ku nemi a ba da umarnin dakatar da aiki. Su ne masu zuwa da jan fenti su yi gicciye a bango. Jan fentin kaɗai ba ya tsayar da magini, don sau da yawa da daddare ake shafe shi a ci gaba, saboda haka ku sa wanda zai riƙa leƙawa yana ɗaukar hoto kullum.

Ku sa mai unguwa da dagaci da kansilanku a cikin kwafin wasiƙar, da limamin masallacin da ke kusa idan zai yarda. Sa hannun magidanta hamsin da lambobin gidajensu ya fi dogon rubutu a Facebook nauyi a kan teburin darakta.

Idan aka ƙi tsayawa, lauya zai nemi Babbar Kotun Jiha ta ba da umarnin tsayar da gini har a gama shari'a. Abu biyu ke kayar da irin wannan ƙara tun ba a shiga gundarinta ba. Dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama sun ce sai an ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi ta wata ɗaya, kafin a shigar. Kuma dokar kare jami'an gwamnati ta kan rufe ƙofa bayan wata 3 daga ranar da aka yi abin, ko da yake tana da togaciya. Sai kuma tambayar da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara jefowa: ku su wa, me ya shafe ku? Ƙungiya mai rajista da mazauna da gidajensu ke kallon filin sun fi samun tsayawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a ƙarar da wata ƙungiyar kare muhalli ta kai kamfanin mai na ƙasa ya faɗaɗa wannan ƙofar ga masu ƙara don amfanin jama'a a harkar muhalli.

Dalilin gaggawar shi ne, da zarar gini ya kai linta an sayar wa mutane, magana ta zama ta dukiyar bayin Allah da suka saya da takarda a hannu. A Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata, a Satumba kuma Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30, kafin daga baya a sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, asarar ta riga ta auku, kuma daga aljihun jama'a za a biya.

Game da hujjar cewa shagunan ne za su ciyar da filin: tana iya zama gaskiya idan rumfuna ne biyu ko uku marasa harsashi, a cikin filin ba a fuskarsa ba, da yarjejeniya a rubuce da ta faɗi kason da zai tafi gyara da asusun da zai shiga. Shaguna goma na bulo a bakin titi ba wannan ba ne.

Maigadin wani lambu yana korar almajirai da masu talla, yana kuma rufe ƙofa da magariba alhali lokacin ne muke tashi daga aiki. Yana da wannan ikon? Daga wani tela, Katsina.

Ka haɗa abu uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Lokacin rufewa hukuma ce ke sa shi, ba maigadi ba, kuma ya kamata a rubuta shi a allo a bakin ƙofa. Sashe na 45 na kundin tsarin mulki ya yarda a taƙaita wasu 'yancin saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya da lafiyar jama'a, in dai bisa doka ne. A Abuja ma hukumar birnin ta umarci lambuna su riƙa rufewa da ƙarfe 7 na yamma a 2022, masu lambunan suka yi ta ƙorafi. Idan kuna son a ƙara lokaci, ku tafi da abin da zai kawar da tsoron hukuma: fitilu masu aiki da hasken rana a ƙofa da kan hanyoyin ciki, datse rassan da ke ƙasa da mita 2 don a riƙa hango ko'ina, da 'yan sintirin unguwa da DPO ya san da su. Duhu da ƙwacen waya ne ke sa a rufe da wuri.

Talla kuwa ƙaramar hukuma na da ikon tsara ta, ta ware wa masu gyaɗa da masu ruwan leda gefe guda, ta hana kunna wutar tsire kusa da wurin wasan yara.

Korar yaro don kawai almajiri ne ba ta da madafa. Sashe na 42 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko yanayin haihuwarsa. Ana iya hana bara a cikin lambu, a hana hawa bishiya ko tsinkar 'ya'yan itace, a fitar da duk wanda ya karya, ɗan kowa ne. Ƙa'ida tana bin abin da mutum ya aikata ne, ba rigar da ke jikinsa ba. Ka fara yi wa maigadin magana cikin mutunci, mai yiwuwa umarnin baki aka ba shi. In ya ce haka ne, ka nemi a nuna maka a rubuce a ofis.

Muna son yin taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a lambun gwamnati, mutum kamar 200. Sai mun nemi izinin 'yan sanda? Daga wata malamar makaranta, Bauchi.

A'a, Malama. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007, a shari'ar Sufeto-Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP wadda ta samo asali daga gangamin da aka tarwatsa a Kano a 2003, cewa taron lumana ba ya buƙatar izinin 'yan sanda. Sanar da su dai dabara ce mai kyau. Izinin da kuke buƙata na mai wurin ne. Ku rubuta mako biyu zuwa uku kafin ranar, ku faɗi adadin mutane, awannin farawa da tashi, ko za ku kafa rumfa, ko za ku kawo janareta da lasifika. Ku biya a banki ko a baitulmali, ba a hannun maigadi ba. Ku tambaya ko akwai kuɗin ajiya na shara da sharuɗɗan mayar da shi. Kafin a kafa turakun rumfa, a nuna muku inda bututun ban ruwa da wayar fitilu suka bi a ƙarƙashin ƙasa, don turke ɗaya da ya huda bututu ya isa ya cinye kuɗin ajiyar. Janareta ya zauna nesa da jama'a, a kan ƙasa ba kan ciyawa ba. Kuma haya ba ta nufin ku rufe lambun gaba ɗaya ga sauran mutane, sai in takardarku ta faɗi haka.

Sarƙar lilo ta tsinke da ɗana a wurin wasan yara, ya karye a hannu. Mai kula da wurin ya nuna mini allon da aka rubuta cewa kowa ya shiga da ƙaddararsa. Shi ke nan? Daga wani direba, Gusau.

Allah ya ba shi lafiya. Ba shi ke nan ba. Wanda ke riƙe da wuri ya buɗe wa jama'a, balle ya karɓi kuɗi, doka ta ɗora masa kulawar da ta dace, kuma ta fi tsananta idan yara ne. Allo a bango ba ya wanke sakaci kai tsaye. Ka adana tikitin ranar, da takardun asibiti da hoton ƙashi, da hoton sarƙar kafin a canza ta, da lambobin waɗanda abin ya faru a gabansu. Ka gano ko hukuma ce ke gudanar da wurin ko ɗan kwangila, domin ana iya haɗa su duka a ƙara. Ka ga lauya da wuri saboda wa'adin wata 3 da sanarwar da muka ambata a sama.

Ga iyaye da masu kula da irin waɗannan wurare, sarƙa ba ta cika tsinkewa a tsakiya ba. A sama take ci, inda zoben farko ke goga ƙugiya duk lokacin da lilo ya je ya dawo. Ka ɗaga zoben ka duba cikinsa: idan ya yi ƙyalli ya sirance, ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, a sauke lilon a ranar. Ƙugiya mai siffar S dole bakinta ya rufe ruf. In tsabar kuɗi na iya shiga, sarƙa na iya fita. Wuri na biyu shi ne gindin ƙarfe daidai inda ya shiga ƙasa, nan ruwan damina ke kwanciya tsatsa ta ci ta ciki alhali fenti na sama yana nan lafiya. A tone ƙasar kaɗan a ƙwanƙwasa da guduma. Walda a kan tsatsa ba gyara ba ne.

Ƙasan wurin shi ke raba ƙujewa da karaya. Ma'aunin Turai na kayan wasan yara, EN 1176, ya ce duk abin da yaro zai iya faɗowa daga sama da santimita 60 yana buƙatar ƙasa mai laushi, kuma kada tsayin faɗowa ya wuce mita 3. Yashi mai zurfin santimita 30 ya isa ga tsayin mita 2, a shimfiɗa shi aƙalla mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, gaba da bayan lilo kuwa fiye da haka sosai. Yashi yana daskarewa, ƙafafun yara kuma suna kwashe shi daga ƙarƙashin lilo, don haka sai ana kaftarsa ana mayarwa duk mako. Daɓen siminti a ƙarƙashin lilo ganganci ne. Tazarar sandunan kariya kada ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23, domin jikin yaro na wucewa kansa ya maƙale. Abin zamiya na ƙarfe kuma, a zafin Afrilu, yana ƙona cinyar yaro. A kafa shi a inuwa, a taɓa da bayan hannu kafin a ɗora yaro. Inda ake da jirgin wasa mai lantarki, a tambaya ko an sa na'urar da ke katse wuta idan ta zubo, mai awon miliamfiya 30.

Dubawar ido kullum ce kafin a buɗe, ta hannu da sifana duk wata ɗaya zuwa uku, cikakkiya sau ɗaya a shekara, kuma a rubuta a littafi. Ka nemi ganin littafin nan. Rashinsa ma hujja ce.

Ina amfani da keken guragu. Ƙofar lambun garinmu 'yar ƙarama ce mai matakala uku. Akwai dokar da ta tilasta a gyara? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Akwai. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ka rubuta wa hukumar da ke da lambun, ka aika kwafi ga hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da ta jiharku in akwai. Ka faɗi awon da kake so, don in ka bar wa birkila zai yi maka gangaren da sai an turo ka. Kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawo: matakala uku masu jimillar santimita 45 suna buƙatar gangare mai mita 5.4, faɗinsa mita 1.2, da abin riƙewa, da fili a sama inda keke zai juya. Ƙofa kada ta gaza santimita 90 a buɗe. Ana ƙuntata ƙofofin ne don hana babura shiga; maganin wannan ƙofar gefe ce mai faɗi wadda maigadi ke buɗewa.

A nan Nijar fa, wa za mu kai wa kuka? Daga wani mai sauraro kuma mai karatu, Maraɗi.

Ma'aikatar magajin gari. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 shi ya tsara ayyukanta, tun Afrilun 2024 kuma da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, jami'an da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da garuruwa, don haka su za ku rubuta wa, da kwafi ga ofishin tsara birane na jiha. Ƙa'idar da za ku riƙe ita ce, filin da ke cikin dukiyar jama'a ba a sayar da shi, daɗewar mutum a kai kuma ba ta mai da shi nasa, sai an fara fitar da shi daga wannan rukunin a hukumance. Ku nemi ganin takardar fitarwar. Dajin da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 don tare iska da ƙura ya sha yanka fuloti duk da wannan ƙa'idar.

Mun gaji da jira. Ƙungiyarmu ta matasa tana son ta karɓi lambun unguwa ta gyara da kanta. Ta ina za mu fara? Daga shugaban wata ƙungiyar taimakon kai da kai, Haɗeja.

Madalla, amma kada ku dasa ko tsiro ɗaya kafin takarda. Ƙungiyoyi da yawa sun share fili sun kewaye shi, da ya yi kyau aka zo aka ba wani. Ku yi rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma, ku gano mai filin kamar yadda muka faɗa a amsar farko, sannan ku ƙulla yarjejeniya a rubuce ta shekara 2 ko 3 da za a iya sabuntawa. Ta faɗi cewa filin yana nan na jama'a, ba ginin dindindin, ba ba da haya ga wani, awannin buɗewa kaza, wa ke biyan maigadi, wa ke kwashe shara sau nawa a mako, da sanarwar wata nawa kafin a soke. Ku nemi hukuma ta ɗauki abu biyu da suka fi ƙarfin karo-karo, wato ruwa da katanga. Ku kai buƙatar ta hannun kansila tun watan Agusta ko Satumba, lokacin da ake haɗa kasafin baɗi. Wanda ya zo a Maris za a ce masa babu a kasafi. Za a kuma ce muku kuɗi na hannun jiha. Ku tuna musu da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa.

Jerin aikin shi ne kariya, ruwa, sannan dashe. Wanda ya fara da dashe awaki ya yi wa kiwo. In kuɗin katanga bai samu ba, waya da turakun ƙarfe sun wadatar, a bi bayanta da shingen lalle. Katangar ma kada ta zama doguwa rufaffiya: bulo layi uku ko huɗu, sama ƙarfe, yadda mai wucewa zai ga ciki. Ku manta da shimfiɗa ciyawa ko'ina, ruwan da take sha a rani ya fi ƙarfinku. Inuwa mutane ke nema. Darbejiya da maɗaci da tsamiya suna jure fari. Ramin kowace ya zama santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Tazara mita 6 zuwa 8, kuma aƙalla mita 4 daga katanga ko bututu. A dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli bayan ruwa ya zauna, a yaga ledar gindin a cire ta gaba ɗaya, a kewaye kowace da kwando ko bulo.

Ku yi lissafin rani tun yanzu. Kowace bishiya tana son kamar lita 20 sau biyu a mako a shekara biyun farko. Bishiya 40 ke nan lita 1,600 duk mako, jarka 80 mai lita 20, daga Nuwamba har zuwa Mayu. In abin da za ku iya jarka 30 ne, ku dasa 15.